Tambaya da Amsa: Me Baƙo Zai Gani a Biranen Meziko?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk daga Zariya da kewayenta suka zo, kuma duk a kan ƙasar Meziko suke, wato ƙasar da ke kudu da Amurka. Mun taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An gayyace ni taron ƙara wa juna sani a birnin Meziko, kuma bayan an tashi daga taron zan sami 'yan kwanaki na hutawa. Wuraren da na ga ana lissafawa a intanet sun fi ƙarfin lokacina. Daga ina ya kamata in fara?
*Daga wani malamin jami'a, Samaru.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kai ka lafiya. Shawarata ita ce ka ajiye dogon jerin nan a gefe, ka fara da babban filin tsakiyar birni wanda mutanen garin ke kira Zócalo, domin idan ka fahimci wannan fili ka sami mabuɗin fahimtar yawancin tsofaffin biranen ƙasar. Tsarinsa ba zai zame wa Bazazzagi baƙon abu ba, don kamar yadda fada da masallacin Juma'a suka sa dandali a tsakiya a birnin Zazzau, haka fadar gwamnati da babbar majami'a suka sa wannan fili a tsakiya. Abin da ya bambanta shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. A nan ne mutanen Aztek suka kafa birninsu na Tenochtitlan a shekarar 1325, a kan wani tsibiri da ke tsakiyar tafkin Texcoco, kuma a nan ne mayaƙan Sifaniya ƙarƙashin Hernán Cortés, tare da dubban 'yan ƙasa masu adawa da mulkin Aztek, suka ci birnin da yaƙi a watan Agustan 1521. Sifaniyawa ba su nemi sabon wuri ba. Sun rushe abin da suka tarar, suka ɗora nasu ginin a kan kufansa, sau da yawa ma da duwatsun da suka kwashe daga gine-ginen da suka rushe.

Babban ɗakin bautar Aztek, wanda ake kira Templo Mayor, ya shafe ɗaruruwan shekaru a binne a ƙarƙashin gidaje da tituna. A shekarar 1978 ne wasu ma'aikatan lantarki da ke haƙa rami a gefen filin suka ci karo da wani faifan dutse mai faɗin fiye da mita 3, an sassaƙa siffar wata abar bautarsu a jikinsa. Wannan ya sa gwamnati ta rushe gine-ginen da ke wurin, aka yi tono mai zurfi ƙarƙashin jagorancin masanin tonon kufai Eduardo Matos Moctezuma, sannan aka buɗe gidan adana kayan tarihi a gefensa a 1987. Idan ka bi 'yar hanyar da aka shimfiɗa wa baƙi a cikin kufan, ka lura da bangayen da ke jere ɗaya a bayan ɗaya. Sarakunan Aztek ba su rushe ginin magabatansu idan za su faɗaɗa shi, sai dai su lulluɓe shi da sabon gini mafi girma, saboda haka duk takun da ka yi zuwa tsakiya kana komawa baya ne a cikin tarihi. A saman ginin ne ake yanka mutane domin bauta, kuma gidan tarihin bai ɓoye wannan ba.

Majami'ar da ke kusa an fara gininta a 1573, ba a gama ba sai 1813. Ko ba ka shiga ba, tsaya daga nesa ka dubi gine-ginen unguwar, za ka ga wasu sun karkace, wasu kuma ƙofofinsu sun yi ƙasa da titi. Dalili shi ne an janye ruwan tafkin an gina birni a kan taɓo, kuma yawan zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa domin shayar da mutane fiye da miliyan 20 yana sa ƙasar tana lotsawa a hankali. A cikin majami'ar an rataye wata doguwar igiya mai ƙarfe a bakinta tun daga can sama, tana nuna yadda ginin ya riƙa karkata cikin shekaru. A fadar gwamnati kuma akwai zanen bango na shahararren mai zane Diego Rivera wanda ya fara a 1929, inda ya kwashe tarihin ƙasar ya shimfiɗa a jikin bangon matakala, sai dai shiga wurin sai da tsari, domin fadar shugaban ƙasa ce.

Rana ta biyu ka ba da ita gaba ɗaya ga babban gidan tarihin al'ummomi da ke dajin shaƙatawa na Chapultepec, wanda aka buɗe a 1964. Kada ka yi ƙoƙarin zagaye shi duka, don za ka fito da ciwon ƙafa ba tare da ka riƙe komai ba. Ka nufi zauren Aztek, inda aka kafa shahararren Dutsen Rana mai nauyin tan 24 ko kusa da haka, wanda aka tono a filin Zócalo a 1790, daga nan ka shiga zauren tsohon birnin Teotihuacan da na al'ummar Maya. Idan da sauran ƙarfi, gidan sarautar da ke kan tudu a cikin dajin, inda sarki Maximilian da Faransawa suka naɗa ya zauna a shekarun 1860, yanzu gidan tarihin ƙasa ne, kuma daga barandarsa ana hango birnin.

Rana ta uku ta Teotihuacan ce, tafiyar kilomita 50 ko ƙasa da haka a arewa maso gabas. Mutane da yawa suna ɗauka Aztek ne suka gina shi, alhali su ma kango suka tarar. Birnin ya bunƙasa ne a ƙarnukan farko bayan haihuwar Annabi Isa (AS), mazaunansa sun haura 100,000, kuma ya riga ya durƙushe ɗaruruwan shekaru kafin a kafa Tenochtitlan. Dalar Rana, wato gini mai siffar tudu, wadda ita ce mafi girma a wurin, tana da tsayin kimanin mita 65. Ka yi sammako, ka riƙi ruwa da malafa, domin babu inuwa a kan dogon titin da ya ratsa kufan. Ka kuma tuna cewa birnin Meziko yana bisa tsayin mita 2,240 daga teku, Zariya kuwa ba ta kai mita 700 ba, saboda haka idan ka ji numfashinka yana sarƙewa a kan matakala a ranakun farko, ba ciwo ba ne, rage sauri kawai za ka yi.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni da maigidana muna shirin kai wa ɗanmu ziyara, yana karatu a Puebla. Damuwata ita ce salla da abinci. Kuma ya ce mana akwai gine-gine masu kama da masallatai a can. Shin Musulmi sun taɓa mulkar ƙasar ne?
*Daga wata Hajiya, Tudun Wada.*

Amsa: Hajiya, Allah ya sa a je lafiya, a tarar da yaro lafiya. Musulmi ba su taɓa mulkar Meziko ba, amma abin da ɗanku ya gani gaskiya ne, kuma asalinsa daga Andalus yake. Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Sifaniya, ta faɗi a 1492, shekara 29 kacal kafin faɗuwar Tenochtitlan. Maginan da kafintocin da suka ƙetara teku sun tashi ne a ƙasar da salon ginin Musulmi ya riga ya zauna da gindinsa, saboda haka suka tafi da shi, ko da yake majami'u suke ginawa.

Mafi kusa da ku yana Cholula, garin da ke manne da Puebla. A harabar tsohon gidan limaman Kirista na San Gabriel akwai wani ɗakin ibada da ake kira Capilla Real, wanda aka fara a ƙarni na 16 domin ɗaukar ɗimbin 'yan ƙasa. Rufinsa ƙubbobi 49 ne, cikinsa kuma sahu-sahu ne na ginshiƙai da bakuna, ta yadda wanda ya san hoton masallacin Ƙurɗuba zai gane dangantakar tun daga bakin ƙofa. A cikin Puebla kanta, wadda aka kafa a 1531, ki dubi tayil mai ƙyalli, fari da shuɗi, da aka manna a fuskokin gidaje da ƙubbobi da ɗakunan girki. Fasahar yi wa yumɓu wannan farin shafe daga ƙasashen Musulmi ta shiga Sifaniya, daga can ta wuce Puebla, kuma har yau akwai masu yin sa da hannu. Kada ku bar garin ba ku leƙa ɗakin karatu na Palafoxiana ba, wanda aka kafa a 1646 da kyautar littattafai 5,000, ake kuma lissafa shi a matsayin ɗakin karatun jama'a na farko a nahiyar Amurka. A birnin Meziko akwai wata rumfar ƙarfe mai adon Andalus a unguwar Santa María la Ribera, akwai kuma agogon da baƙin da suka zo daga ƙasashen Daular Usmaniyya, galibinsu 'yan Labanan, suka ba birnin kyauta a 1910, yana nan tsaye a tsakiyar gari.

Game da hukuncin shiga majami'a, wannan ki tambayi malamanki kafin tafiya, don ba fagena ba ne. Abin da zan iya ƙarawa shi ne tun a 1859 gwamnatin Benito Juárez ta ƙwace kadarorin coci, kuma da yawa daga tsofaffin gidajen limamai yanzu gidajen tarihi ne da makarantu.

Musulmin ƙasar kaɗan ne ƙwarai, a ƙidayar 2020 ba su kai 10,000 ba a cikin mutum miliyan 126. Ana sallar Juma'a a birnin Meziko, akwai masallaci a Torreón da aka gina a 1989, akwai kuma wata ƙaramar al'umma ta 'yan asalin Maya da suka musulunta a San Cristóbal de las Casas da ke jihar Chiapas, amma kada ku sa ran jin kiran salla a titi. Ku tafi da dardumarku da jadawalin lokaci a waya. Alƙibla daga can tana arewa maso gabas ne, kuma agogon tsakiyar ƙasar yana bayan namu da awa 7.

Abinci ne ke buƙatar sa ido sosai, domin matsalar ba ta tsaya ga naman da ake gani ba. Ana soya wake da kitsen alade, ana kwaɓa ƙullin masara da shi, kuma naman nan da ake gasawa a tsaye kamar shawarma, wanda suke kira al pastor, na alade ne duk da cewa 'yan Labanan ne suka kawo salon gashin. Ki riƙe kalmomi uku: cerdo da puerco, wato alade, da manteca, wato kitsensa. Kifi da ƙwai da kayan marmari suna da yawa, akwai kuma gidajen abincin Larabawa. Masara da tumatir da barkono kuwa ba za ki yi kewarsu ba, don a wannan yanki ne aka fara noma masara dubban shekaru da suka wuce.

Tambaya: Malam, na karanta cewa akwai manyan kawunan dutse a Meziko masu fuskar baƙar fata, kuma wai hujja ce cewa mutanen daular Mali sun riga Turawa zuwa can. Gaskiya ne? A ina ake ganinsu?
*Daga wani ɗalibi, Kongo.*

Amsa: Ɗana, kawunan suna nan, amma hujjar ba ta tsaya ba. Mutanen Olmek ne suka sassaƙa su a yankin da yanzu yake jihohin Veracruz da Tabasco, kuma an gano guda 17 zuwa yanzu. Bakwai suna gidan tarihin garin Xalapa, biyu suna birnin Meziko, wasu kuma suna wani lambu a Villahermosa. Mafi girmansu ya haura mita 3. Labarin Mali kuwa ya samo asali ne daga abin da marubucin tarihi Balarabe al-Umari ya rubuta, cewa Mansa Musa ya faɗa a Alƙahira, a tafiyarsa ta aikin Hajji a 1324, cewa sarkin da ya gada ya shiga teku da jiragen ruwa bai dawo ba. Yanzu ka haɗa lissafi da kanka. Zamanin Olmek ya ƙare wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato an sassaƙa kawunan fiye da shekara 1,700 kafin wancan sarki ya taɓa ruwa. Masu tonon kufai ba su sami wani kayan Afirka a cikin ƙasar wancan zamani ba, kuma irin wannan faɗin hanci da kaurin leɓe ana ganinsu a fuskokin 'yan asalin yankin har gobe. A ganina, ƙwace wa mutane aikin kakanninsu domin mu ƙara wa namu daraja daidai yake da abin da wasu Turawa suka yi da suka ga kawunan tagulla na Ife suka ce ba aikin baƙar fata ba ne.

Idan tarihin Afirka kake nema a Meziko, akwai na gaskiya wanda ya fi wannan nauyi. An kai bayi kimanin 200,000 ƙasar a zamanin mulkin Sifaniya, yawancinsu ta tashar Veracruz, inda har yanzu sansanin San Juan de Ulúa yake tsaye a bakin ruwa. Ɗaya daga cikinsu, Gaspar Yanga, ya tsere wajen 1570 ya kafa sansanin tserarrun bayi a duwatsun da ke kusa da garin Córdoba na jihar Veracruz. Rundunar da aka tura masa a 1609 ta kasa murƙushe shi, a ƙarshe aka yi sulhu, aka amince musu da garinsu na 'yantattu, wanda tun 1932 yake ɗauke da sunansa, kuma an kafa mutum-mutuminsa riƙe da adda a garin. Shugaba Vicente Guerrero, wanda shi ma yana da jinin Afirka, shi ya soke bauta a 1829. A ƙidayar 2020 mutum miliyan 2.5 suka bayyana kansu a matsayin masu asalin Afirka.

Tambaya: Shin dalar Meziko ta fi ta Masar girma? Mun yi gardama a majalisa.
*Daga wani mai shago, Sabon Gari.*

Amsa: Kowannenku yana da rabin gaskiya. A tsayi, babbar dalar Giza, wadda ta kai mita 146 lokacin da aka gina ta, ta fi kowace dala a Meziko nesa ba kusa ba. A yawan ƙasar da aka tara kuwa, ta Cholula ake ba wa kambu. Da tubalin ƙasa aka gina yawancinta, ciyawa da itatuwa suka rufe ta har ta koma kamar tudu, Sifaniyawa suka ɗora majami'a a ƙololuwarta a ƙarshen ƙarni na 16. Masu bincike sun haƙa ramuka masu tsawon kimanin kilomita 8 a cikinta tun daga 1931. Amfaninsu ma ya bambanta, na Masar kaburburan sarakuna ne, na Meziko kuwa galibi dandamali ne da ake ɗora ɗakin bauta a kansu, shi ya sa suke da matakala da shimfiɗaɗɗen kai.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne, a idona ganuwar Zazzau take zaizayewa, wani wuri ma an yi gidaje a kanta. Akwai birni mai ganuwa a Meziko? Yaya suka yi da tasu?
*Daga wani dattijo, Ƙofar Doka.*

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Akwai, sunansa Campeche, a gaɓar tekun yankin Yucatán. 'Yan fashin teku ne suka addabi garin, suka yi masa mummunar ɓarna a 1663 da 1685, saboda haka aka fara ganuwa a 1686, aka kammala a 1704. Kusurwa shida gare ta, da hasumiyoyin tsaro takwas, tsawonta kimanin kilomita 2.5. Abin da zai ba ka mamaki shi ne su ma sun rushe tasu. Daga ƙarshen ƙarni na 19 hukumomin garin suka fasa sassa masu yawa domin buɗe tituna da shimfiɗa layin taragon cikin gari, suna ganin ganuwa ta zama tsohon yayi. Daga baya ne aka farga, aka kare abin da ya rage, aka sake gina wasu sassa, aka mayar da hasumiyoyin gidajen tarihi, har UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, shekarar da aka sa Sukur ta jihar Adamawa.

Abin da ya taimake su shi ne hukuma mai haƙori. Tun 1939 suka kafa hukumar INAH mai kula da kufai da tsofaffin gine-gine, kuma dokar 1972 ta mayar da duk kayan da suka gabaci zuwan Sifaniyawa mallakar ƙasa, ta kuma hana taɓa tsohon gini ba da izini ba. Mu ma ganuwar Zazzau tana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, don haka ba doka ce babu ba. Sai dai adalci ya sa in faɗi cewa aikinmu ya fi nasu wuya, domin tasu ta dutse ce kuma gajera, tamu kuwa ta ƙasa ce, ta haura kilomita 10, kuma kowace damina tana cin rabonta. Misalin da ya fi dacewa da mu shi ne Paquimé a jihar Chihuahua, kufan wani gari na ginin ƙasa da ya shiga jerin UNESCO a 1998, inda ake yi wa bangaye yaɓe lokaci-lokaci domin ruwa ya ci yaɓen ya bar asalin bango. Wannan sana'a ce da maginan Zazzau, magadan Babban Gwani, suka sani tun kaka da kakanni. A ra'ayina, ceto ganuwar duka ya wuce, amma zaɓar ƙofofi da sassan da ke tsaye, a shata musu iyaka, a ware kuɗin yaɓe duk shekara, abu ne mai yiwuwa.

Tambaya: Wane lokaci ya fi dacewa da tafiya, kuma yaya batun biza?
*Daga wata ma'aikaciyar jinya, Wusasa.*

Amsa: Malama, daminarsu ta kusa yin daidai da tamu, daga wajen Yuni zuwa Oktoba, kuma a tsakiyar ƙasar ruwan yakan sauko ne da la'asar, saboda haka ko a damina ana iya yawo da safe. Daga Nuwamba zuwa Afrilu rani ne, amma a biranen tudu akwai sanyi mai ratsa jiki da asuba a Disamba da Janairu, sai ki tafi da rigar sanyi. Ranakun 1 da 2 ga Nuwamba bikin tunawa da matattu ne, masauki yana tsada, musamman a Oaxaca, garin da ke gindin kufan Monte Albán. Watan Satumba na bikin 'yancin kai ne, ranar 16 ga wata.

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma Meziko tana da ofishin jakadanci a Abuja. Ƙasar takan ɗauke wa masu ingantacciyar bizar Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ƙasashen Schengen na Turai neman tata, amma irin wannan ƙa'ida tana canzawa, don haka ki tabbatar daga ofishin kafin ki yanki tikiti. Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya, sai an ya da zango, kuma ƙasar da za a ya da zangon ma tana iya neman tata bizar, musamman Amurka. Wajen tsara ranaku ki sani cewa yawancin gidajen tarihi a rufe suke ranar Litinin, ranar Lahadi kuma 'yan ƙasa suna shiga da yawa daga cikinsu kyauta, cunkoso yakan yi yawa, saboda haka Talata zuwa Alhamis sun fi dacewa da baƙo.